In an hana ka diyyar raunin wurin aiki, kar ka ce shi ke nan

Kwanan baya ina zaune ana hira sai aka ɗauko maganar wani bawan Allah da inji ya datse masa yatsu biyu a wurin aiki. Ya yi jinya, ya cike takardun neman diyya, ya jira wata da watanni, ƙarshe aka aiko masa da wasiƙa mai layi kaɗan cewa ba a amince da buƙatarsa ba, wai bai kai rahoto a kan lokaci ba. Duk wanda ya buɗe baki a wurin sai ka ji ya ce Allah sarki, Allah ya sa kaffara ce, ya yi haƙuri kawai. Na yi ta sauraro ko wani zai tambaya ya ɗaukaka ƙara kuwa, ko akwai wanda ya duba masa wasiƙar, wallahi ko mutum ɗaya bai tambaya ba. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Ni dai ra'ayina a fili yake tun daga farko. Wanda ya ji rauni a bakin aiki aka ƙi biyansa, ya bi haƙƙinsa har inda doka ta ba shi dama. Wasiƙar farko da ta ce a'a maganar ɓangaren da kuɗi zai fita daga hannunsa ce, ko ta wani ma'aikacin ofis da ya duba fayil ya ga wata takarda ba ta ciki, alƙali bai yanke hukunci ba tukuna. Kuma mu da ke kewaye da mai raunin, in iyakar taimakonmu shi ne mu ce ya haƙura, to mun taya a danne shi ne ko da ba mu nufa ba.

Diyyar nan fa ba sadaka ba ce

Mutane da yawa suna ɗaukar diyyar ma'aikata kamar wani alheri ne da mai kamfani ke yi in ya ga dama. Sam ba haka aka faro ba. A da can, ma'aikacin da ya ji rauni sai ya kai mai aikin kotu ya tabbatar da cewa sakacinsa ne ya jawo, shi kuma mai aikin yana da hanyoyin kuɓuta masu sauƙi, ya ce kai ma da naka laifin, ko ya ce abokin aikinka ne ya jawo ba ni ba, ko ya ce ai ka san aikin da haɗari ka karɓa. Da wuya lebura ya tsallake waɗannan ukun.

Jamus ce ta fara kafa inshorar haɗarin aiki ta ƙasa a 1884 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, Birtaniya ta yi tata dokar a 1897, a Amurka kuma jihar Wisconsin ta kafa tata a 1911 sauran jihohi suka bi. Cinikin da aka ƙulla a ƙasashe da yawa shi ne, ma'aikaci ya haƙura da kai mai aikinsa kotu neman maƙudan kuɗi, shi kuma a biya masa magani da wani kaso na albashinsa ba tare da an tsaya neman mai laifi ba. Kun ga ke nan ma'aikaci ya riga ya biya nasa farashin, ya sarayar da wani haƙƙi babba. In kuma aka zo aka hana shi ɗan abin da aka yi masa alkawari, an ci shi ta gaba an ci shi ta baya.

Akwai wani abu da ya faru a New York da nake so mutane su sani. Ranar 24 ga Maris 1911 babbar kotun jihar ta soke dokar diyyar ma'aikata da aka yi, ta ce ta tauye haƙƙin masu kamfani. Washegari, 25 ga Maris, gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata 'yan ci-rani, wasu ƙofofin a kulle suke. Bayan nan ne jihar ta gyara tsarin mulkinta a 1913 ta dawo da dokar. Da jinin mutane aka samo wannan haƙƙin, shi ya sa nake jin zafi in na ga an bar shi ya tafi saboda wasiƙa guda.

Me ya sa ake cewa a'a?

In ka duba dalilan da ake bayarwa za ka ga kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ba ka sanar da wuri ba. Ba a wurin aiki ka ji ciwon ba. Dama kana da ciwon bayan tun da. Babu shaida. Abin da ka faɗa wa likita ya saɓa da abin da aka rubuta a rahoton kamfani. Kai ba ma'aikacinmu ba ne ɗan kwangila ne. Akwai fom ɗin da ba a cike ba.

Yanzu don Allah a cikin waɗannan wanne ne ya ce ba ka ji rauni ba? Kusan duk magana ce ta takarda da kwanan wata, kuma takarda ana gyara ta, shaida ana nemo shi.

Ɗauki maganar makara wajen sanarwa. Gaskiya ne dokoki suna sa wa'adi, a Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a sanar da mai aiki cikin kwana 14 kuma a nemi diyyar cikin shekara ɗaya, a New York kwana 30 ne na sanarwa da shekara 2 na shigar da buƙata, a Kalifoniya kwana 30 da shekara ɗaya. Amma dokoki da yawa sun bar ƙofa, in aka nuna mai aikin ya riga ya san abin da ya faru, ko makarar ba ta cutar da shi da komai ba, ana iya yafe ta. To mutumin da aka ɗauka a motar kamfani aka kai shi asibiti, manaja na tsaye yana kallo, ta yaya za a ce ba a sani ba? Irin wannan hujjar ce ake kaiwa gaba a yi nasara, amma sai in mutum ya kai.

Haka maganar tsohon ciwo. Mutum ya shekara yana ɗaukar kaya, bayansa na ɗan damunsa amma yana aikinsa, ran nan ya ɗaga wani abu mai nauyi ya kasa miƙewa. Sai a ce ai dama can yana da shi. A tsare-tsare da yawa in aikin ne ya tsananta tsohon ciwo, wannan tsanantawar ma ana biyanta. Abin da ake buƙata shi ne likita ya rubuta a fili cewa ga yadda mutumin yake kafin ranar, ga yadda ya koma bayanta.

"Ai ƙaddara ce"

Wannan ita ce maganar da aka fi yi, kuma ba na raina ta. Ni ma na yarda abin da ya samu bawa rubutacce ne. Amma mai raunin nan da muka ce ya karɓi ƙaddara, ai ba mu hana shi zuwa asibiti ba, mu ne ma muka ɗauke shi muka kai. In neman magani bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba, me zai sa neman kuɗin maganin daga inda doka ta ce a karɓa ya saɓa? Haƙuri na zuciya ne, kar mutum ya yi ta ƙorafi da Ubangijinsa, kar baƙin ciki ya kashe shi. Bai hana shi rubuta takardar ɗaukaka ƙara ba.

Kuma a lura da wanda ke cin ribar irin wannan haƙurin. Kuɗin maganin nan dole wani ya biya. In inshora ba ta biya ba, matarsa ce za ta sayar da abin hannunta, yara ne za a cire daga makaranta, 'yan'uwa ne za a bi ana roƙo har su fara ɓuya in sun ga kiransa. Nauyin bai ɓace ba, an dai sauke shi ne daga kan mai ƙarfi an ɗora wa marasa ƙarfi.

"Oga ya yi min kirki, ba zan yi masa butulci ba"

Na fahimci wannan sosai, musamman a ƙananan wuraren aiki inda kowa ya san kowa, mai wurin ya zo dubiya, ya ba da wani abu a saka a aljihu. Amma a sani, a mafi yawan tsare-tsare diyyar ba daga aljihun oga take fita kai tsaye ba, daga asusu ko kamfanin inshora take fita, wanda dama an wajabta masa ya riƙa zuba kuɗi a ciki saboda irin wannan ranar. A Najeriya misali kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikata ake zubawa a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da shi, kuma doka ta hana a cire shi daga albashin ma'aikaci. To in oganka mutumin kirki ne kuma yana zuba nasa, shi ne ma ya kamata ya taya ka bin takardun. In kuwa ka ga yana ta lallashinka ka bar maganar, akwai alamar tambaya, wataƙila bai yi rajista ba ne, ko yana tsoron kuɗin inshorarsa ya ƙaru.

Tsoron kora kuwa gaskiya ne, ba zan ce babu shi ba. Ƙasashe da yawa sun haramta a kori mutum saboda ya nemi diyya, amma mun san ana iya fakewa da wani dalili a sallame shi. Sai dai ka tambayi kanka, wanda hannunsa ya nakasa ko bayansa ya lalace, wane tabbaci yake da shi cewa in ya yi shiru za a ci gaba da riƙe shi? Sau da yawa ana jira ne wa'adin neman diyya ya wuce, daga nan a ce aiki ya ragu. Sai ya tashi ba aiki, ba diyya, ba lafiya. Wanda ya shigar da takardarsa aƙalla yana da abin riƙewa, korar ma in ta zo tana iya zama wata hujjar a hannunsa.

"Ai ni na yi ganganci"

Mutane da yawa da kansu suke yanke wa kansu hukunci. Na yi sauri ne, ban sa safar hannu ba, hankalina ya tafi wani wuri. To ai dalilin kafa tsarin ke nan gaba ɗaya, an san ɗan'adam zai gaji, zai yi kuskure, musamman wanda ya yi awa goma sha biyu a tsaye. Kuskure na yau da kullum ba ya hana diyya. Abin da yakan hana shi ne irin mutum ya ji wa kansa ciwo da gangan, ko ya zo aiki a buge, shi ma ɗin sai an tabbatar, ba a baki kawai ba.

"Lauya kuɗi, kotu ɓata lokaci"

Nan kam akwai gaskiya mai ɗaci kuma ba zan ɓoye ta ba. Shari'a tana ja. A Afirka ta Kudu wani tsohon mai haƙar zinare, Thembekile Mankayi, da ƙurar ma'adinai ta lalata masa huhu ya kai ƙara har kotun tsarin mulki, a 2011 kotun ta ce yana da damar neman diyya daga kamfanin da ya yi wa aiki, amma ya rasu kwanaki kaɗan kafin a karanta hukuncin. Abin tausayi ne ƙwarai. Sai dai wannan hukuncin ne ya buɗe ƙofar da dubban masu haƙar ma'adinai suka bi, har a 2018 manyan kamfanonin zinare suka amince da sulhu na rand (kuɗin ƙasar) biliyan 5 ga masu cutar huhu da tarin fuka da iyalansu. Da ya ce shi ke nan tun farko, da wataƙila har yanzu ana nan ana jira.

Kuma yawancin ƙararrakin ba sa kaiwa nan. Matakin farko galibi ba kotu ba ne ma, takarda ce kake rubuta wa hukumar da ta ƙi ka cewa ta sake dubawa, ka haɗa da sabuwar hujja. A Najeriya kwana 180 ne wa'adin wannan, in ba ka gamsu ba sai kotun ma'aikata ta ƙasa. A Amurka yawancin jihohi suna da hukumarsu da alƙalansu na musamman, lauyoyin wannan fanni kuma galibi ba sa karɓar komai sai an ci, sannan su ɗauki kason da doka ta ƙayyade. Ga ƙungiyoyin ƙwadago, ga ofisoshin ba da taimakon shari'a kyauta a ƙasashe da dama. Mutum ya tambaya tukuna kafin ya yanke cewa ba zai iya ba.

"Ai akwai masu ƙarya"

Akwai, ba musu. Akwai wanda zai faɗi a gida ya zo ya ce a wurin aiki ne. Amma maganin wannan bincike ne, kuma ɗaukaka ƙara ai binciken ke nan, mai gaskiya ya kawo hujjarsa a gani. Abin da ke ba ni haushi shi ne in ana maganar ha'inci ma'aikaci kawai ake kallo. Kamfanin da ke kiran mutum ɗan kwangila alhali shi ke sa masa lokacin zuwa da na tashi, shi ke ba shi kayan aiki, shekara da shekaru, don kawai kar ya biya masa inshora, wannan fa? Wanda ke ɓoye haɗurra don littafinsa ya fita fes, shi fa? Kotuna da yawa ba sunan da aka rubuta a takarda suke dubawa ba, suna duba wa ke juya wa a zahiri, don haka ko an ce maka kai ba cikakken ma'aikaci ba ne kar ka ɗauka magana ta ƙare.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar haɗurra da cututtukan wurin aiki, wasu kimanin miliyan 395 kuma suna jin rauni. Da irin wannan adadi, matsalar duniya ta masu rauni na gaske ce da ba a biya ba, masu ƙaryar 'yan kaɗan ne a gefe. A tuna da ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangladesh ranar 24 ga Afrilu 2013 ya kashe sama da mutum 1,100 masu ɗinkin tufafi, babu wani tsayayyen tsarin inshorar rauni da zai ɗauki nauyinsu, sai da aka yi ta matsa wa manyan kamfanonin tufafi lamba fiye da shekara 2 kafin a tara dala miliyan 30 da ake buƙata.

Wani abin kuma, shirun mutum ɗaya yana cutar da na bayansa. In ba a rubuta haɗari ba, ba a biya komai ba, injin nan da ba shi da murfi haka zai ci gaba da aiki, gobe wani yaron za a sa a kansa.

To me mutum zai yi in wasiƙar ta zo?

Kafin komai, a rubuce za ka nemi a ba ka, in a baki ko a waya aka ce maka ba za a biya ba ka ce a rubuto maka da dalili da kwanan wata. Ka karanta dalilin da kyau ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka, don shi za ka amsa, ba labarin wahalarka gaba ɗaya za ka sake bayarwa ba. Sannan ka nemi sanin kwana nawa gare ka na ɗaukaka ƙara, wannan shi ne abin da ya fi kashe mutane, wani wurin makonni kaɗan ne kacal, mutum na kwance yana jinya yana cewa bari in ji sauƙi tukuna har lokaci ya wuce. Gara ka shigar da takardar ko hujjojinka ba su gama haɗuwa ba, ka ƙaro sauran daga baya in tsarin ya yarda.

Ka koma wurin likitanka ka roƙe shi ya rubuta alaƙar ciwon da aikin ƙarara, da abin da ba za ka iya yi ba yanzu. In likitan da kamfani ko inshora suka tura ka wurinsa ya ce lafiyarka ƙalau alhali kai ka san ba haka ba ne, nemi ganin wani likitan. Kar ka daina zuwa asibiti don an ƙi biya, in ka yi wata biyu ba ka je ba za a ce ai ka warke. Rasit, katin asibiti, hoton ƙashi, hoton wurin da abin ya faru, saƙon waya da ka tura wa shugabanka ranar, takardar albashi, duk ka adana, kuma kar ka miƙa na asali ba tare da ka riƙe kwafi ba. Abokan aikin da suka gani ka karɓi bayaninsu da lambobinsu tun yanzu, mutane suna canja aiki, wasu kuma in an ja musu kunne sai su ce ba su ga komai ba.

Inda nake so a fi yin hattara shi ne sulhun bayan fage. Za a kira ka ofis a miƙo maka ambulan, a turo takarda a ce sa hannu nan, kai kuma ga bashin asibiti ga gida ba komai, kuɗin sai ya yi maka girma a ido. Wata takardar cewa take ka yafe duk wani haƙƙi har abada. Rauni kuwa ba a sanin ƙarshensa a watan farko, ƙashin da aka ɗora yana iya buƙatar wata tiyatar, jijiyar da ta taɓu tana iya hana ka sana'arka gaba ɗaya, cututtuka irin na ƙurar asbestos (wani ma'adini da ake sawa a kayan gini) ma sai bayan shekara 20 ko fiye suke bayyana. Wasu dokokin ba su ma yarda ma'aikaci ya yafe diyyarsa ta irin wannan yarjejeniya ba, wasu kuma sai hukuma ko alƙali ya amince, amma duk da haka kar ka sa hannu sai wanda ya san doka ya duba maka.

Ban ce laifin duka na masu haƙura ba ne. Tsarin da zai ɗora wa mutumin da ke kwance da karaya nauyin bin ofis-ofis da ƙirga kwanaki, tsari ne da ke buƙatar gyara. Ya kamata duk wasiƙar da ta hana mutum diyya ta faɗi dalili a fili cikin harshen da yake ji, ta faɗa masa inda zai kai ƙara da ranar da wa'adi zai cika, kuma in mai aiki ne ya ƙi kai rahoto ko ya ƙi yin rajista, shi za a hukunta, kar a huce a kan ma'aikaci. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su ware mutanen da aikinsu kawai shi ne bin irin waɗannan fayilolin, su je har gadon asibiti su cike wa mutum fom, domin a makonnin farkon nan ne ake rasa yawancin haƙƙoƙin, lokacin da mai raunin ba ya iya ko riƙe biro.